Ruwan da Hamani Ke Zubawa a Kan Yashi

Bazarar bana ta cika shekara goma sha ɗaya da rasuwar Hamani mai jirgi, na mashigin Tondibiya. Cikin masu karanta wannan jarida ba za a rasa waɗanda ya taɓa ƙetarar da su kogi ba, su da awakinsu da buhunan albasarsu. Amma ka tare ɗaya daga cikinsu ka ce masa wane ne Hamani, abin da zai fara faɗo masa a baki shi ne, "Au, matsafin nan?" To ku saurara da kyau. Ni na laƙa masa wannan suna, ni Lawali mai garka, kuma ƙarya na yi. Na san ƙarya ce tun kafin ta fita daga bakina. Mutumin yana ƙasa, sunan kuwa yana nan yana yawo, ya sauka a kan ɗiyarsa Ramatu, ita kaɗai da ya bari a duniya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami da tsufana ke nan, in sauke mata kayan da ni na ɗora mata. Waɗanda wannan rubutu zai yi wa zafi, ya yi musu. Na gaji da lallaɓa su.

Hamani ba waliyyi ba ne. Mutum ne mai taurin kai da baƙar magana. In ya ce jirgi ba ya tashi sai an rage kaya, ko kai wane ne sai ka rage. Shi Bazabarme, ni Bagobiri, kun kuwa san abin da ke tsakanin Zabarmawa da Gobirawa. Shekara kusan talatin garkata tana bakin mashiginsa, ban taɓa sa ƙafa a jirginsa ba face ya ce, "Bawa, zauna tsakiya kar ka kifar da mu. Ku Gobirawa ruwan randa ma tsoro yake ba ku." Ni kuma in ce, "Tuƙa, Bazabarme, ubangidanka sauri yake yi." Fasinja su yi ta dariya har mu kai wancan ƙetaren. Wannan wasa kakanninmu suka bar mana, kuma sun bar shi da sharaɗi: taubashi ya zage ka ka zage shi, amma ba ka cutarsa, ba ka tona masa asiri, in ya faɗi kai ne mai ɗaga shi. Na san sharaɗin sarai. Na girma ina jin tsofaffi suna cewa wanda ya ci amanar taubashinsa ba ya gamawa da duniya lafiya.

Gaban mashigin, kamar jifa biyu daga gaɓa, akwai wani gungu na yashi da ke fitowa in ruwa ya ja baya. A wancan zamani, da zarar zafi ya kama, gungun nan sai ya cika da tsuntsayen bakin kogi. Akwai zakaran ƙeƙuwa mai yawan kwakwazo, akwai wasu masu dogayen ƙafafu, amma wanda Hamani ya fi damuwa da shi shi ne wani ɗan ƙarami da muke kira ladin kogi, mai toka-tokan baya da baƙin zane a ƙirji, mai gudu a kan yashi kamar an aike shi. Al'adar masu jirgi ce tun kafin a haife mu: daga ranar da tsuntsu ya fara ƙwai a gungu, ba mai sauka da dabba, ba mai kafa fartanya, sai 'ya'yan sun tashi. Hamani ya gaji riƙon wannan doka daga ubansa.

Wata rana da azahar, rana tana tafasa ƙwaƙwalwa, ya ce in shigo jirgi zai nuna mini abin da Bagobiri bai taɓa gani ba. Muka laɓe a gefen gungun. Sai ga uwar tsuntsun ta ruga bakin ruwa, ta tsoma cikinta har gashin ya jiƙe sharkaf, ta rugo da gudu ta kwanta a kan yashi, wurin da ni ban ga komai ba. Ta jima kaɗan, ta sake komawa. Da ta ba da baya, Hamani ya durƙusa ya share yashin da ɗan yatsa. Ƙwai uku ne a binne, launinsu ɗaya da yashin.

"Taɓa nan," in ji shi. Na taɓa gefe, sai da na janye hannu. Na taɓa kan ƙwan, sanyi da laima. Ya ce, "Ka gani? Kazarka ɗumama ƙwai take yi. Wannan baiwar Allah sanyaya nata take yi. In ta yi jinkiri sau ɗaya, rana ta dafa mata su."

Ku riƙe wannan, domin shi ne hujjar da ke kaina. Da idona na gani, da hannuna na taɓa.

Ayyuka biyu Hamani yake yi wa gungun nan kowace bazara. Na farko, yasar hannun ruwan da ya raba gungun da gaɓa. Da ya ga ruwan ya fara ƙanƙancewa, sai ya shiga da fartanya da ƙwarya yana kwashe yashi, don kada hanya ta buɗe wa masu ƙafa huɗu. Ba ya faɗa da guza, shi da ke iyo ya zo ya ci rabonsa. Yakan ce, "Guza ɗan kogi ne, ya ci ɗaya ya bar biyu. Kare ne bai san zakka ba." Aiki na biyu daga baya ya fara shi, da ya lura zafi yana ƙaruwa shekara bayan shekara. Ya ga uwayen suna yawaita zirga-zirga zuwa ruwa, kuma duk tashin da uwa ta yi, hankaka na can sama ya gane wurin da yashi ya jiƙe. Sai ya riƙa zuwa da tsakar rana da ƙwaryarsa, yana yayyafa ruwa a kewayen ramukan, ya zauna can gefe ƙarƙashin malafarsa har rana ta karya. Tsuntsayen sun saba da shi, hankaki kuwa ba sa sauka in yana nan. Bakinsa yana motsi a lokacin, gaskiya ne. Istigfari yake yi, don na sha zama kusa da shi ina ji.

Daga gaɓa, abin da ido ke gani shi ne dattijo shi kaɗai a tsakiyar kogi, yana zuba ruwa a kan yashin da babu komai, yana magana da wanda ba a gani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ni ne ƙadangaren.

A ƙarshen gungun ta gabas akwai baƙar laka da ruwa ke ajiyewa, irin wadda kabewa da kankana ke hauka a cikinta. Na daɗe ina haɗiyar yawu a kanta. Alhaji Sumana kuma, mai amalanken shanu, yashin yake so, don a lokacin Yamai ta fara cin gine-gine ba ƙaƙƙautawa. Muka haɗa baki a cike hannun ruwan a yi hanya. Hamani ya ce ba a isa ba sai tsuntsu ya tashi, lokacin kuwa damina ta kusa, noman rani ya wuce. Muka kai magana gaban dattawan mashigi, suka ce doka ta masu jirgi ce, Hamani ke da gaskiya. Da muka fito, Sumana ya ce mini, "Mutumin nan ba a kayar da shi ta gaba." Bai ƙara komai a kan haka ba. Sauran ni na ƙarasa da kaina.

Limamin masallacinmu na lokacin yana tsananta wa'azi a kan masu yanka wa aljanun kogi, kuma ba laifi ya yi ba, don akwai masu yi. Ranar wata Laraba bayan la'asar, jama'a ba su watse ba, na miƙe na ce ina da abin da ya dame ni. Na ce da idona na ga Hamani yana yi wa aljanun ruwa zubi a kan gungu, yana kiran sunayensu, kuma don su yake hana Musulmi taka wurin.

Hamani yana sahun gaba, ya juyo ya dube ni, sai ya fashe da dariya. A zatonsa wasan da muka saba ne na kawo har cikin masallaci. Ya ce, "Ƙwarai kuwa, Liman! Bana ma sun ce Bagobiri suke so a yanka musu, mai kitse. Ga shi nan na daɗe ina kiwonsa."

Wasu suka fara murmushi. Duk idanu suka dawo kaina, ana jiran in rama. Da na yi dariya, da na ce masa ko da "Bazabarmen banza" ne, da magana ta mutu a nan, kowa ya ɗauki takalmansa. Abin da taubashi ke yi ke nan. Ni kuwa na ɗaure fuska, na dubi liman, na ce, "Kun dai ji da bakinsa."

Na ga lokacin da dariyar ta bushe a fuskarsa. Shekara goma sha huɗu ke nan, kuma har gobe in na rufe ido ina ganinta.

Magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo, mata sun daina shiga jirginsa, sun ce kada ya miƙa 'ya'yansu ga na ruwa. A sallah, wanda kafaɗarsa ta taɓa ta Hamani sai ya matsa. Ya jure wata guda, sannan ya koma yin sallarsa a bakin jirgi, aka ce to ga shi nan, ya bar masallaci, dama mun faɗa. Dattawan da suka ba shi gaskiya jiya suka yi gum. Ina so waɗanda suka rage a cikinsu su ji ni: na yi ƙarya, amma ku kun san Hamani tun yana tsalle tsirara a bakin kogi, kun san ubansa, kun san dokar gungu ba jiya aka kafa ta ba. Babu ɗayanku da ya ɗauki jirgi ya je ya share yashi ya duba. Jifa biyu ne daga gaɓa. Kun fi son ƙaryar, don ta ba ku abin taunawa a gindin bishiya.

Muka cike hannun ruwan da buhunan ƙasa da sharar garka. Ba a yi kwana uku ba karnukan gari suka gano hanya, tunku ya bi bayansu, shanun Sumana suka tattake abin da ya rage. Da hantsi ina ban ruwa sai ga Hamani a bakin shingena, hularsa a hannu. Ya zazzage ta a kan tabarmata. Ɓawon ƙwai ne, wasu da 'yan tsaki a ciki, har sun yi gashi. Ya ce, "Lawali." Ya juya ya tafi. Tun da muka san juna bai taɓa kirana da sunana ba sai ranar, kuma ita ce kalma ta ƙarshe da ta shiga tsakaninmu.

Kabewata ta yi kyau shekara biyu. A ta uku jan ruwan damina ya zo da fushi ya kwashe lakar gaba ɗaya. A bazarar da ta biyo Hamani ya kwanta, jinyar kwana tara, ya cika. Liman ya ce tafiya ta kama shi, ba zai samu yi masa sallah ba. Mutum huɗu suka sallace shi, wani mai wanki a bakin kogi ne ya ja su. Ina cikin garkata, ina jin lokacin da suka wuce da makara ta bayan shinge. Na sunkuya ina cire ciyawar da babu ita.

Yau da Hamani zai tashi ya tsaya a mashiginsa, ban san ko zai gane kogin ba. Ruwa yana ja tun kafin lokacinsa, yashi ya cike masa ciki. Abin da ni da Sumana muka sha wahala muka yi da buhuna, yanzu rana tana yin sa kyauta. Kafin bazara ta yi tsakiya, mutum yana tafiya gungu da ƙafa ko gwiwarsa ba ta jiƙe ba, kuma ba gungunmu kaɗai ba, har waɗanda ba wanda ya taɓa cike musu hanya. Zafin kuwa ba sai na gaya wa mutumin Yamai ba. Mu da muka tsufa a nan mun san ranar da muka sani ba wannan ba ce. Gari ya matso har bakin ruwa da juji da mahauta, hankaki sun yi yawa sun yi ƙiba, karnuka suna yawo garke-garke ba mai su.

Bana na roƙi ɗana, wanda nake zaune a gidansa a unguwar Harobanda ta Yamai tun da ƙafa ta gaza, ya kai ni wurin a babur. Na zauna a gaɓa da azahar. Inda dā ake ganin yashi yana motsi saboda yawan tsuntsu, ladin kogi shida na iya ƙirgawa. Na sa wa wata uwa ido. Bakin ruwa ya yi mata nisa yanzu, kafin ta dawo rabin jiƙon ya bushe a jikinta. Ta je ta dawo, ta je ta dawo, bakinta a buɗe don haki. Hankaki uku suna tsaye a kan wani kututture, ko ɓuya ba sa yi, kamar masu jiran a sauke tukunya. A tafiyarta ta ban san nawa ba, ɗaya ya sauka. Na ɗaga sanda na yi ihu, muryar tsoho ba ta ƙetare yashin ba. Ihu bayan hari. Da ta dawo ta kwanta a kan ramin kamar yadda ta saba, tana sanyaya wurin da babu komai.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ta biyu ba: fartanyar Hamani da ƙwaryarsa ba za su iya da rana ba. Ko da na bar shi, da wuya gungun ya kai yau yadda yake dā. Na ji a rediyo cewa har a ƙasashen ƙanƙara, inda wasu tsuntsayen da ke zuwa mana da sanyi suke komawa su yi ƙwai, lokaci ya rikice musu, masu cin ƙwai sun samu sake. Ciwo ne na duniya. Amma majinyaci biyu ba ɗaya ba ne, wanda ke da mai jinya da wanda aka kore masa nasa. Gungunmu yana da mai jinya, ni na kore shi. Kada kowa ya kawo mini zancen ƙaddara. Zafin rana daga sama yake, buhunan ƙasa kuwa a kafaɗata suka je.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na 'yan shekarun nan. Mutanen purje, masu aikin kare kogi, suna zuwa da motoci da huluna iri ɗaya, a kafa rumfa a bakin mashigi, a raba lemo. Wani matashi ya miƙe da faransanci, wani ya juya mana, cewa bincike ya nuna tsuntsayen yashi suna buƙatar ruwa ya kewaye su, kuma kada a taka gungu lokacin ƙwai. Jama'a su tafa. Wa kuke tsammani ke zaune a kujerar gaba da babbar riga? Alhaji Sumana. Yanzu ba amalanke gare shi ba, kamiyo ne, babbar mota, ke kwasar masa yashi. Da kunnena na ji ya ce, "Mu dama tun iyaye da kakanni muna kare gungun nan." Ba wanda ya yi tari. Matasan ba su da laifi, ba su san komai ba, an kuwa ce baƙo ko da idonsa makaho ne. Amma mu da ke zaune mun san akwai wanda ya faɗi duk wannan ba da takarda ba, muka biya shi da abin da muka biya shi. Ina jin da Hamani yana nan, kallonsu kawai zai yi ya ce, "Ku gama lemon ku zo ku kama fartanya."

Duk da haka ban buɗe baki ba. Tsoho ne ni mai ɗan mutunci, ana gaishe ni da rusunawa, na saba da daɗin abin. Abin da ya fasa ni a wata 'yar kasuwa ta bayan Mawre, cikin Yamai, ya faru, inda matan Tondibiya ke kawo ganye da kifi. Ramatu a nan take sayar da kifi tun da mijinta ya rasu. Ina tsaye ina tayin yalo, sai na ji wata yarinya da goyo, wadda ko tsarki ba ta iya ba lokacin da abin ya faru, tana jan hannun 'yar'uwarta tana cewa, "Ke, kar ki saya a nan, ɗiyar matsafi ce, kifinta na aljanu ne." Ramatu ta ji. Ko kai ba ta ɗaga ba, ta ci gaba da kore ƙuda. A nan na gane ta ji wannan magana har ta daina yi mata ciwo a fili. Ƙaryata ta yi 'ya'ya, ta yi jikoki, ni ina yawo da carbi.

Na koma washegari na durƙusa a gaban tirenta, na gaya mata komai. Ta bar ni na gama, tana fere wani babban kifi ba ta fasa ba.

Ta ce, "Baba Lawali, ai na sani. Ya gaya mini tun ranar. Ya kuma hana ni zaginka, ya ce ba a zagin taubashin uba. Shi ya sa ka ga ina gaishe ka, ba don kai ba."

Na ce ta yafe mini.

"Ni ka yi wa ƙarya? A inda ka ajiye ta, je ka ɗauke ta a can."

Juma'ar da ta biyo na sa aka kai ni masallacin mashigi. Wancan liman ya daɗe da barin gari. Bayan an sallame na nemi izini na miƙe, a daidai inda na tsaya wancan karo, na faɗi abin da kuka karanta a sama ban rage ba. Rabin masallacin yara ne da ba su san wanda nake magana a kai ba. Tsofaffin suka sunkuyar da kai suna jan carbi da sauri. Sumana ya ce da ƙarfi, "Tsufa ya fara taɓa Lawali, a kai shi gida." Wani ya ce abin da ya wuce ya wuce, a bar mamaci ya huta. Na ce masa mamacin da kuka ƙi yi wa sallah ne yau kuke tausayin hutunsa? Aka watse ba wanda ya ba ni hannu. Na ji zafi, amma na ji sauƙi, na ɗauka na gama.

Da na koma kasuwa, Ramatu ta ce ban gama ba. "Maza ka gaya wa, Baba. Maza ba sa sayen kifi. Masu kirana da sunan nan ga su nan kewaye da kai."

Na duba. Mata ne fiye da hamsin, masu ganye, masu tumatir, masu daddawa, da masu saye. Ni mutum ne da ya haura saba'in, ban taɓa ɗaga murya a tsakiyar mata ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na dafa sandata na hau wani dutse da ake fasa ƙanƙara a kai, na yi sallama da iyakar ƙarfina. Na faɗa da Hausa, na maimaita da gurguwar Zabarmancina: cewa Hamani uban Ramatu bai taɓa tsafi ba, ƙwan tsuntsu yake sanyayawa, ni Lawali na ƙaga masa don in samu wurin shuka kabewa. Da fari dariya suka yi, sun zaci taɓin hankali ne. Da suka ga hawaye, dariyar ta tsaya. Wata tsohuwa mai daddawa, wadda na gane tana cikin waɗanda suka fara ƙin jirginsa, ta tafa hannu ta ce, "Kabewa! Don kabewa ka sa muka ƙi bawan Allah har kabarinsa? Allah ya isa tsakaninmu da kai!" Na ce mata ta raba Allah ya isan biyu ta riƙe rabi. Kasuwa ta kaure. Aka zage ni da harshe uku, wata ta watsa mini ruwan kifi a riga. Ban sauka ba sai da suka gaji.

In na auna abin da ya rage na Hamani, ba shi da yawa. Jirginsa ya ruɓe. Dokar gungu ta bi shi, masu jirgin yanzu inji suke ja, ba su san an taɓa yin ta ba. Tsuntsayensa suna ƙarewa a gaban idonmu, kuma ba na jin jikokina za su ga uwa ta jiƙa ciki ta rugo. Bai bar gida ba, bai bar gona ba. Suna kaɗai talaka ke bari, shi ma na ƙwace. Abin da na iya mayarwa na mayar, a makare, ga wadda ta rage.

Ramatu ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban ƙara tambaya ba. Amma wata biyu ke nan ina ratsa kasuwar nan duk Asabar da gangan, ina kasa kunne. Yanzu "ɗiyar Hamani" suke ce mata, masu saye suna tsayawa a gaban tirenta. Ni kuwa da na shigo ta bakin masu ganye sai in ji an ce, "Ku gyara, ga maƙaryacin Tondibiya nan."

Nakan tsaya in ce, "Na'am."